Shekarar da Aka Ce Na Kafa Addini

Na san kun sha jin tsofaffin garinmu suna kirana Uwar 'Yan Guga, na kuma san akwai ranar da Aminu ya dawo daga makaranta da fasasshen leɓe, ya ƙi faɗa mini dalili, sai daga baya na ji wai wani yaro ne ya ce masa uwarsa ta taɓa kafa addini. Ban yi muku bayani a lokacin ba domin kuna ƙanana. Yanzu kun girma, wasunku har sun aurar, ni kuma gwiwoyina sun fara gaya mini gaskiya. Gara ku ji daga bakina, kada bayan raina kowa ya ba ku nasa.

Lokacin da aka kawo ni gidan kakanku, Baba Malam, ruwan kanal ya riga ya sauya ƙauyen. Mutanen da suka saba tafiya cirani da zarar an gama girbi sun daina tafiya. Daga Kura har Bunkure, ko'ina ka duba kore ne shar a tsakiyar rani, alkama a nan, albasa a can, tumatir kuwa ba a magana. Gidanmu gidan karatu ne. Baba Malam shi ne limamin gari, yana da makarantar allo a zaure da ta Islamiyya a rumfar ƙofar gida, mahaifinku kuma shi ne na'ibinsa. Amma dukansu manoma ne, da an idar da karatun safe sai kowa ya saɓa fartanya. A shekarar da nake ba ku labari tumatir ya yi yawan da motoci suka kasa kwashe shi. Kwanduna suna jere a bakin titi suna zubar da ruwa, babu mai tayawa. Sai aka koma yankawa ana shanyawa a yi kauɗa, aikin kuwa ya faɗo kan mata. Tun hantsi matan maƙwabta suke shigowa tsakar gidanmu da wuƙaƙensu, mu zauna a inuwar darbejiya muna yanka har la'asar. Ruwan tumatir yana cin yatsu, ƙudaje suna damun mu, hira ta ƙare, gulma ma ta ƙare. Wata rana da shirun ya ishe ni sai na ce bari in ba su labarin wata ƙasa.

Ƙasar nan tun ina yarinya take cikin kaina, ban taɓa gaya wa kowa ba. Sunanta Zaurangi. Sararin samanta ƙasa-ƙasa yake, har dogon mutum kan sunkuya idan hadari ya haɗu. Mutanenta jiminu suke hawa maimakon dawaki, kuma duk ƙasar rijiya ɗaya gare ta, wadda faɗin bakinta ya kai filin idi, an rufe ta da wani ƙaton murfin dutse. Murfin nan suke bauta wa. Masu tsaronsa, 'Yan Murfi, suna cewa duk wanda ya leƙa ruwan zai makance, saboda haka su kaɗai ke ɗibar abin da ke tsattsafowa ta gefe, su raba wa wanda suka ga dama. Sai aka sami wata mata mai ginin tukwane, Kurzuma, wadda ƙishirwa ta kashe wa ɗa. Ita da ma makauniya ce tun haihuwa, sai ta ce to ita me ya rage a tsorata ta da shi? Ta tsefe zanenta ta tufka igiya, ta zura guga ta wata 'yar kafa, ta jawo ruwa ta shayar da unguwarsu. Daga nan ta ɓalle da nata addinin. Mabiyanta, 'Yan Guga, suna rataya ɗan ƙaramin guga a wuya, ba sa wuce mai jin ƙishirwa ko da maƙiyinsu ne, in sun haɗu ɗaya ya ce, "Guganka ya cika," ɗayan ya amsa, "Naka ya tumbatsa."

Kakarku Iya ce ta fara yi mini faɗa.

"Ke 'yar nan, tatsuniya da rana tsaka? A gidanku haka aka koya miki?"

Na ce, "Iya, ai ba tatsuniya ba ce, labari ne."

Ta yi tsaki ta juya baya. Washegari na ga ta jawo kujerarta kusa da tabarmata, wai rana ce ta kore ta daga inda take. Kafin mako ya zagayo matan da ba su da tumatir ma suna zuwa taya mu yanka, don kawai su ji yadda 'Yan Murfi suka kori Kurzuma zuwa jejin ƙaya da yadda jiminu suka ƙi bin sawunta. Ni kaina ban san abin da zai faru gobe ba sai na buɗe baki.

Baffanku Sabi'u, ƙanin mahaifinku, a lokacin yana jan wata bas tsakanin Garun Malam da Kano. Yana da rikoda mai cin kaset wadda yake ji da ita kamar ɗiya. Ya shigo cin abinci wata rana ya tarar da mu, ya tsaya da kwano a hannu har tuwon ya huce.

"Matarmu, ashe haka kike? Don Allah bari in ɗauka, in riƙa ji a hanya, barci na damuna."

Na ce ya ɗauka. Ya riƙa ajiye rikodar a kan turmi kusa da ni, in ya dawo da yamma ya ɗauke. Abin da ban sani ba shi ne ba shi kaɗai yake ji ba, a cikin motar yake sakawa, fasinjoji ma suna ji. Daga baya ya gaya mini akwai waɗanda ke ƙin sauka a inda za su, su zarce har tasha don kada su rasa ƙarshen kaset. Wasu direbobi suka ara suka kwafa. Yaran tasha suka ɗauki gaisuwar 'Yan Guga suka mayar da ita tasu, wani maƙerin gwangwani kuma ya shiga ƙera ƙananan gugaye, direbobi suna ratayawa a madubi.

Ku da ba ku ga zamanin ba, dole in gaya muku yadda zukata suke. Ba a daɗe da yin wani mummunan tashin hankali a birni ba a kan wasu da suka zo da baƙuwar aƙida, an rasa rayuka, akwai 'yan garinmu da suka tafi neman kuɗi ba su dawo ba. Saboda haka kalmar sabon addini ba abin wasa ba ce. Akwai wani mai wa'azi da ke zuwa daga birni duk ranar kasuwar Bunkure. Ya ga gugaye a madubin motoci, ya ji gaisuwar, aka kunna masa kaset. Ranar ya hau kan benci ya ce wata ƙungiya ta ɓulla a ƙasar nan, masu bauta wa rijiya, shugabarsu mace ce, kuma muryarta daga gidan wani limami take fitowa. Ba na ce mugun mutum ba ne. Ya ga abin da ya gani a birni, tsoro ne ya yi masa yawa. Amma kafin magana ta iso ƙauyenmu ta yi 'ya'ya. Wani ya rantse ya ga 'Yan Guga suna sujada a bakin kanal, alhali masu wankin tumatir ne. Mai motar Sabi'u ya karɓe makullinsa. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu daga Islamiyya, rumfar da ke cika har waje ta koma ana jin muryar kowane yaro daban. Matan da ke zuwa yanka suka ɗauke ƙafa, muka rage daga ni sai Iya da ƙudaje. Sannan dagaci ya aiko cewa ranar Laraba da hantsi zai zo ƙofar gida da dattawa a ji ba'asi.

Dattawan dangi suka taru suka nemo mafita, aka aiko mahaifinku ya gaya mini. Ya same ni ina kwashe kauɗa daga kan tabarma. Ya tsuguna yana taya ni, abin da bai taɓa yi ba.

"Saude, sun ce Sabi'u ya faɗa wa dagaci a birni ya sayi kaset ɗin, muryar wata ce da ba mu sani ba. A ƙona su a gaban jama'a, magana ta mutu. Ke ba sai kin ce komai ba."

Na ce, "Malam, Sabi'u zai rantse a kan ƙarya ke nan?"

"Haka suka ce."

"Matan unguwar nan duka sun ji ni da kunnensu. In muka ɓoye, sai su ce da ma akwai abin ɓoyewa. Kuma ni ban yi saɓo ba. Labarina ne, ni na ƙaga shi ina yanka tumatir. Ba zan ce na wata ba ne."

Ya daɗe yana juya wani busasshen tumatir a hannunsa. Ni kuwa ina da goyon Aminu, kuma na san aure ya sha mutuwa a kan abin da bai kai wannan ba.

Ya ce, "Kin san abin da zai iya biyo baya?"

"Na sani. In ka ce in tafi gida, zan tafi."

"Wa ya yi maganar tafiya? Ni tambayata ɗaya ce. Za ki iya magana a gaban maza, muryarki ba ta yi rawa ba?"

Na ce zan iya. Ya tashi ya tafi wurin Baba Malam. Ban ji abin da suka tattauna ba. Iya ce ta zo ta ce mini tsohon ya ce shi ma zuciyarsa ba ta kwanta da rantsuwar ƙarya ba, a saka asabari a ƙofar zaure, yarinya ta yi magana da bakinta.

Ranar Laraba na zauna a cikin zaure bayan asabari, Iya tana gefena. Ta tsakanin karare ina hango ƙafafu da bakin riguna. Ban taɓa ganin taro irin wannan a ƙofar gidanmu ba, har bisa katanga mutane ne. Dagaci yana kan darduma, Baba Malam a damansa, mai wa'azi a tsaye da kaset a hannu. Aka kunna kaɗan, na ji muryata tana fita a gaban gari, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba Malam ya ɗaga hannu aka kashe.

"Saude, muryarki ce wannan?"

"Tawa ce, Baba."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Mai wa'azi ya matso.

"Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah ki faɗi gaskiya. Wa ya koya miki wannan addini? A wane littafi kika gan shi? Ina wannan murfi da ake bauta wa yake?"

Na ce, "Malam, murfin yana cikin gidan nan. Murfin randar Iya ne. Ba ta yarda kowa ya taɓa shi, in kana son ruwa sai ka jira ta ɗebo maka. Ranar da na fara labarin ta hana ni, ina jin ƙishirwa, shi ne na ƙara masa girma na kai shi Zaurangi. Gugan kuma na rijiyarmu ne, yana nan yana yoyo, a aika yaro ya ɗauko."

Kafin kowa ya yi magana Iya ta zabura, ta manta da taron maza.

"Au! Ashe ni ce 'Yan Murfin? Ni kike zagi wata guda ina zaune ina ba ki goro?"

Dariya ta fashe daga bisa katanga ta gangaro har kan darduma. Na ga kafaɗar dagaci tana motsi. Amma mai wa'azi bai saki ba. Ya ce wannan dabara ce, macen ƙauye ba za ta iya ƙaga ƙasa guda da addininta da gaisuwarta daga kanta ba, lallai akwai masu ba ta a ɓoye. Sai wani dattijon Bafulatani, Ardon rugar da ke bayan kanal, wanda ya zo kawo wa Baba Malam nono ya tarar da taro, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, abin ai mai sauƙi ne. In koya mata ake yi, ba ta san abin da ba a koya mata ba. Ina da wata farar saniya mai karyayyen ƙaho, ba ta jin magana. Ta saka mini ita a cikin labarin yanzu, mu ji."

Dagaci ya ce an yarda. Na rufe ido. Da na ce "A shekarar da Kurzuma ta dawo daga jejin ƙaya," sai na ji komai ya lafa, kamar ina ƙarƙashin darbejiya da wuƙa a hannu. Na ce 'Yan Murfi sun toshe kafar da take zura guga da narkakken ƙarfe, gari ya kwana uku babu ruwa. Sai ga wata farar saniya ta ɓullo daga gabas, dabbar da mutanen Zaurangi ba su taɓa gani ba, har jiminu suka durƙusa don tsoro. An kore ta daga garkensu saboda taurin kai, ƙahonta ɗaya ya karye a faɗan da ta yi da bijimin sarkin ƙasarsu. Ta ji ƙanshin ruwa. Masu tsaro suka yi mata tsawa, amma ita da ma ba ta jin magana. Ta sa guntun ƙahon nan a ƙarƙashin murfin da mutum dubu ba sa iya motsawa, ta tokare ƙafafu, dutsen ya yi ƙara, ya ɗaga kamar tafin hannu. Duk mutanen gari suka rufe idanunsu don kada su makance, sai wata yarinya ƙarama da ta leƙa ta tsakanin yatsunta.

Nan na tsaya in numfasa. Sai na ji muryar dagaci, a ƙagauce.

"To, sai ta ga me?"

Shi kansa sai da maganar ta fita ya tuna a kan me ya zo. Ardo ya buga sandarsa a ƙasa yana cewa wallahi halinta ne, saniyarsa ce sak. Jama'a suka yi ta sowa. Da aka natsu Baba Malam ya yi magana, a hankali kamar yadda yake karantarwa. Ya ce shi ya saurari kaset ɗin duka kafin yau, bai ji inda yarinya ta ce a bi Kurzuma ko a bar salla ba. Ya ce ba da labarin ɓatattu ba bin su ba ne, balle mutanen da Allah bai halitta ba, waɗanda ba su da kabari balle hisabi. Sharaɗinsa ɗaya ne, duk kaset ɗin da za a ƙara yi, ta fara da faɗa da bakinta cewa ƙagaggen labari ne, gugayen madubi kuma a cire. Mai wa'azi ya ce ya ji wannan, amma saura muryar matar aure da ke yawo a tasha. Sai mahaifinku ya miƙe, shi da ko a gida ba a cika jin muryarsa ba.

"Wannan ni za a tambaya, ba ita ba. Na ji, na kuma yarda. Wanda yake da magana ya same ni."

Kada ku zaci an tashi kowa ya gamsu. Yara sun dawo makaranta, mata sun dawo yanka har da waɗanda ban sani ba, Sabi'u ya sami wata motar. Amma wasu dattawa ba su yafe wa mahaifinku wannan tsayuwar ba. Da Baba Malam ya tsufa ya ajiye limanci, kowa ya san na'ibinsa ne ya kamata ya gada, don ya fi kowa karatu a garin. Suka ce ba za su bi mutumin da matarsa ke magana a kaset ba, aka naɗa wani. Wannan shi ne dalilin, ba abin da wasu ke faɗa ba cewa karatunsa ne bai kai ba. Ranar naɗin ya je ya yi wa sabon liman mubaya'a, ya bi shi salla a sahun farko, ya wuce gona ya ba alkamarsa ruwa. Na yi kuka na ce ni na jawo masa. Ya ce in daina, shi ya san abin da ya saya da abin da ya sayar. Har ya koma ga Allah bai sake tayar da maganar ba.

Labarin Zaurangi kuwa sai da na shekara biyu ina ba da shi. Ban mayar da 'Yan Guga waliyyai ba. Bayan mutuwar Kurzuma su ma suka rabu, masu gugan fata suna kafirta masu gugan ƙwarya, har suka saka wa rijiyar sabon murfi. Iya ta ce ranar da Baba Malam ya ji wannan wurin ya yi dariya har da hawaye, ya ce yarinyar nan ta san malamai fiye da yadda suka san kansu.

Da alkama ta yi kyau a shekarar da ta biyo bayan taron nan na ƙofar gida, mahaifinku ya ce in shirya, za mu birni wurin wani mai shagon kaset da ya aiko yana so a ɗauki muryata da na'ura mai kyau. Muka fita titi muka tari bas, ba ta Sabi'u ba, direban bai san mu ba. Muna zama ya tura kaset, sai ga ni ina cewa wannan ƙagaggen labari ne. Na ja mayafi na rufe fuska. Motar ta cika da gardama, wani ɗan kasuwa yana cewa Kurzuma ta yi ganganci, wata tsohuwa mai kwandon albasa tana cewa in shi aka kashe wa ɗa ai da ya fi haka. Dariya ta kuɓuce mini. Tsohuwar ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke, in ba ki iya sauraro ba ki bar mu mu ji. Matar nan ba sa'arki ba ce."

Na ce ta yi haƙuri. Muka wuce gonakin shinkafa, muka haye gada, har muka shiga tasha. Da muka zo sauka kwandasta ya miƙo hannu, mahaifinku ya biya, sannan ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya ya dubi mutanen motar. Ya nuna rikodar direba, ya nuna ni.

"Wannan da kuke ji, ga ta nan. Matata ce."

Tsohuwar ta saki kwandonta, albasa ta watse a ƙasan mota. Shi kuwa ya gyara hularsa ya yi gaba cikin taron tasha, ni ina biye da shi, ban ƙara rufe fuskata ba.